Awon Bakin Bindiga

A wani shagon kayan ado a Alƙahira, Ɗantsoho maharbi, da aka kawo asibiti daga Mubi, ya ƙura wa wata bindigar adaka ido.

"Wace dalma take ci?" ya tambayi mai jiran shagon, Bahaushen Sudan.

"Ta rataya a bango ce, Baba. Dalma ai duk ɗaya ce."

"Haka wanda ya raba mana dalma ya ce, ranar da aka tura mu mu tare mahara. Tawa ta fi bakin bindigata, na daka ta da ƙarfi, bindigar ta fashe."

"Ma'alish, sannu. To da me ake aunawa?"

"Da ɗan yatsa."

"Auna mana wannan."

Ɗantsoho ya zaro dungun hannunsa daga aljihu.

"Da wanne?"