Gyauron Jarumi

A tashar Ajingi, muna zaune a motar Kano muna jiran ta cika, wata dattijuwa ta leƙa wayar mutumin da ke gefenta.

"Bawan Allah, me ke ba ka dariya haka?"

"Katun ne, Inna. Jaruman nan masu tashi sama ake tsokana. Wannan mai jan mayafin, dutse yake ɗagawa, amma an kai shi cirar gyaɗa ya kasa. Da ya fizga sai ganye ya biyo hannunsa, 'ya'yan su zauna a ƙasa."

"Ni dai tausayi ya ba ni."

"Ai zane ne kawai."

"Wanda ya zana ya san gona. Haka Baban Nuriyya yake, mai gidana. Ƙarfi kamar ingarma, haƙuri babu. Yana gaba yana fizga, ina baya ina roro, ina mita."

"To kin ga abin dariyar ke nan."

"Na yi dariyar, shekaru. Daminar da ya rasu ban iya shuka komai ba, ko hanyar gonar ba na bi. Ran da na daure na je, sai na tarar da ita koriya shar. Gyaɗar da ya bari a ƙasa ce ta tsiro, layi-layi, duk inda ya bi."

Mutumin ya sa hannu zai kashe wayar.

"A'a, bar shi. Mayar min baya kaɗan, daidai inda ya sunkuya."