Keken Malam Barnaba

A tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, Malam Istifanus mai wa'azi ya gama karanta takardar labaran da Turawan mishan ke aika wa ma'aikatansu, ya ja tsaki. Baƙon da ke gefensa ya ce, "Lafiya, Malam?"

"Ina fa lafiya! Wai wani Barnaba aka ba keke. Ni shekara tara ina taka sayyadata, ko takalmi ban samu ba."

"Ai ni ne Barnaban. Fadamar Haɗeja aka tura ni. Duk damina a ka nake ɗaukar keken, ruwa har ƙirji."

Istifanus ya ce, "Ko a ka ne, ai dai an gan ka da shi."