Kwandon da Ya Kawo Ku, Shi Zai Mayar da Ku

Shugabar ƙungiyar raya ƙauyenmu, Doña Herminia Cuaspud. Fada Anselmo, uban cocinmu. Manyan baƙinmu 'yan majalisar jiha, Honorabul Ruperto Benavides, jagoran masu koriyar tuta, da Honorabul Leonidas Erazo, jagoran masu rawayar tuta. 'Yan'uwana manoman kofi da masu dafa mazarƙwaila. Matan San Isidro da mazanta: barkanku da wannan rana.

Ni ne Evaristo Tulcán, wanda ya yi shekara arba'in yana kora alfadarai a kan duwatsun nan. Ina godiya da aka ba ni dama. Ina godiya ga matan da suka gasa ɓerayen masar har goma sha biyu, ina kuma godiya ga baƙinmu da ba su bar ko ƙashi ba. Sai dai wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Magana ta farko. Shekara shida ke nan da Kogin Yambí ya tafi da gadarmu. Mu ba mu tsaya jiran kowa ba: muka yi gayya, muka ja igiyar ƙarfe daga wannan gaɓa zuwa waccan, muka rataya kwando mai cin mutum biyu. A cikinsa kofinmu ke fita, a cikinsa maras lafiya ke fita, a cikinsa gawa ke dawowa. Aka ce mu yi haƙuri wata shida. Igiyar wata shida ce take ɗauke da mu har yau, kuma silinta ya fara tsinkewa.

Magana ta biyu. Kada wanda ya ce mana babu kuɗi. Gwamnatin tarayya ta ware su shekara uku da suka wuce, sa hannun majalisarku kawai suke jira. In masu kore suka kawo batun, masu rawaya su fice daga zaure. In masu rawaya suka kawo, masu kore su tafi shan kofi. Ba faɗa kuke a kan faɗin gada ko tsawonta ba, faɗa kuke a kan wanda zai yanke ƙyalle a ɗauke shi hoto! Masu kore suka zo da makaɗa suka aza dutsen harsashi. Masu rawaya suka zo da nasu makaɗan suka aza nasu dutsen. Ranar nan Doña Herminia ta raɗa mini, ta ce, "Evaristo, ka roƙe su su kawo na uku, mu samu murhu mu ɗora tukunya." Ku yi dariya, ni ma na yi. Amma dariyar ba ta daɗe ba.

Domin ga Fidencio Yandún can a bakin ƙofa, mai ja mana kwando. Damina biyu da suka wuce, naƙuda ta zo wa matarsa Clemencia da gardama. Kogi ya cika yana dukan kwando, motar asibiti tana tsaye a wancan ƙetare, muna ganinta tana ganinmu. Yini guda muna kallon juna. Kafin ruwa ya sauka, Clemencia ta cika. A ranar, majalisarku ta tashi ba ta yi minti goma ba. Yanzu ga 'yarsa ta fari, Rosalba, zaune kusa da shi da ciki wata uku. Haihuwarta za ta faɗo tsakiyar damina. Injiniya ya ce gadar ƙarfe wata biyar take ci. Ku ƙirga da yatsunku, masu girma, ba a fafe gora ranar tafiya.

Magana ta uku, ita ce ta fi ƙona mini rai. Yau da safe ina bakin kogi lokacin da kuka shiga kwando tare, don ba ya daidaita sai da mutum biyu. Da kuka kai tsakiya iska ta kaɗa, da kunnena na ji Honorabul Ruperto yana cewa, "Kompadre, riƙe ni, don girman Allah!" Honorabul Leonidas kuwa ya ce, "Na riƙe ka, kompadre, kar ka duba ƙasa!" Ashe kun iya riƙe juna! Ashe ɗayanku uban baftismar ɗan ɗayan ne, ma'anar kompadre ke nan! Ashe gabar ta cikin zaure ce kawai, inda ran wani ne a kan igiya, ba naku ba!

To, ranar Alhamis ce zamanku na ƙarshe a bana. In ba ku sa hannu ba, kuɗin su koma inda suka fito, Rosalba kuma ta fuskanci kogin da ya hana uwarta wucewa. Saboda haka ga shawarar da muka yanke jiya, kowa ya ɗaga hannu. Igiyar nan gayyarmu ce, ba jiha ta ba mu ba, kuma dokar gayya kun san ta: wanda ya ƙi fitowa aikin jama'a, ba a fita nasa. Akwatin zaɓe ma a kwando yake zuwa. In Alhamis ta wuce ba ku sa hannu ba, babu wanda zai ja shi, babu wanda zai ja ɗan takara, kore ne ko rawaya. Ku tsaya a wancan ƙetare, kuna ganinmu muna ganinku, ku ɗanɗani yini guda irin namu.

Yau dai Fidencio zai mayar da ku lafiya, don shi ba ya sakin igiya ko da wa ke ciki. In kun kai tsakiya, ku dubi ƙasa, sannan ku dubi hannun da ke jan ku.

Allah ya jiƙan Clemencia. Allah ya sauki Rosalba lafiya. Allah ya ƙara wa igiyarmu kwana, ya ba shugabanninmu kunya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ga duk wanda ya saurari tsoho har ƙarshe, na gode.