Ni Ma Na Jiƙa Buhu

Ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda bai yi ƙyamata ba.

Sunana Mato. Ban yi makaranta ba, kuma ba na son dogon surutu. Fasto ya ce in tashi in faɗa, to ga shi.

Shekara goma sha ɗaya ina shan tramol. Ɗan ƙwadago ne ni a gonakin shinkafa daga Kura har Bunkure: dashe, yanka, bugu a kan duro. In na haɗiyi biyu da safe sai in yi aikin mutum uku, masu gona suna kirana inji. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da injin yake sha. Ran Lahadi in zo in zauna a bencin baya, idona jawur, ina cewa amin. Wasunku sun sani, sun yi shiru. Na ga shirun naku.

Rannan na yanke jiki na faɗi a cikin ruwan dashe. Da ba a jawo ni ba, a taɓo zan mutu. Jikina ba ya iya ƙwadago sai da ƙwaya, ƙwayar kuma kashe ni take yi. Dole in bar gona.

Sai matata Lami ta ji wani kamfanin casar shinkafa yana neman mai duba shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, kafin a saya daga hannun manoma. Aikin inuwa. Za a yi intabiyu nan da mako uku, kuma za a gwada fitsari.

Lami ta tura ni wajen ƙaninta Bulus. Bulus ya gama jami'a, bai taɓa samun aiki ba ko na yini ɗaya, amma yana tara mutane a gindin darbejiya a tasha yana koya musu yadda ake samun aiki.

Ya ce, "Yaya Mato, miƙe kafaɗa. Yi murmushi. In an tambaye ka rauninka, ka ce ka cika son aiki."

Na ce, "Wannan rauni ne?"

"Haka ake cewa, Yaya."

"Uban wa yake cewa?"

Sai ya ja ni gefe ya miƙo min wata 'yar kwalba. "Fitsarin ɗana ne, tas yake. Ka ɓoye a wando."

Ni da furfurata, in je neman aiki da fitsarin jariri a wando! Tir! Amma kada in yi muku ƙarya: na karɓa.

Da rana tsaka na zauna a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, ƙwaya a aljihun dama, kwalba a na hagu. Na dubi abin da na zama. Ban iya addu'a mai tsari ba. Abin da na ce ke nan: "Yesu, na gaji da kaina. Ko ka cire min wannan abu, ko ka ɗauke ni. Amma ba zan shiga wurin nan da fitsarin wani ba."

Na tona rami na binne su duka biyun.

Ba walƙiya, ba murya daga sama. Amai ne ya biyo baya, da gudawa, ƙashina kamar ana sara. Lami ta kai ni asibiti aka ba ni magani, da muka dawo gida kuma ta tsare ƙofa. Abokan shan ƙwayata suka zo suna leƙe, suna cewa, "Fasto Mato, a sa mu a addu'a!" Ƙattin banza, ko buhu ɗaya ba sa iya ɗagawa sai sun haɗiya. Kwana tara kafin in tsaya da ƙafata. Halleluya!

Ga shirin da na yi, ba na Bulus ba. Kullum in je kasuwa, in roƙi ɗan tafin shanshera daga buhu-buhu, in ciza, har haƙorina ya tuna bambancin busasshiya da mai danshi. Na je bakin kamfanin na tsaya yini biyu ina kallon wane buhu suke karɓa, wane suke mayarwa. Na wanke rigata. Ran intabiyu na ci tuwo na tafi da wuri.

Na tarar da ɗaliban Bulus a layi, sanye da kwat na aro, gumi na zuba, kowa yana haddar Turanci kamar mai zazzaɓi.

Da aka kira ni, manajan, wani Alhaji mai gilashi, ya nuna min buhu uku ya ce in duba. Na ga saman kowane buhu a hargitse, wato duk waɗanda suka riga ni daga sama suka ɗiba. Na ce a ba ni ƙarfen da ake soka wa buhu. Na soka a tsakiya da gindi, na ciza.

Na ce, "Na farkon lafiya. Na biyun an yayyafa wa cikinsa ruwa jiya don ya yi nauyi, aka rufe da busasshiya. Kwana huɗu a sito zai yi zafi ya yi baƙi. Na ukun akwai yashi a gindi."

Ya cire gilashi. "Malam Mato, ya aka yi ka sani?"

"Ranka ya daɗe, ni ma na yi. Da hannuna na jiƙa wa masu gona buhu. Wasu ma nan aka kawo su."

Ya ƙura wa hannuna ido. Na ce a raina aiki ya tafi.

"Hannunka me ya sa yake rawa?"

"Ƙwaya. Yau kwana ashirin ban sha ba."

"In ka koma fa?"

"Ka kore ni."

Sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Tun safe mutum shida sun gaya min rauninsu son aiki ne."

Wajen gwajin fitsari, mai gadi ne yake tsayawa a kanka, ƙofa a buɗe. Biyu daga cikin masu kwat suka sulale ba sallama. Ni na ba da nawa, na kaina. Ya fito tas!

Aka ɗauke ni gwajin wata uku. Yau wata na bakwai. Duk wata ana gwada ni, kuma ba na jin kunyar miƙa kwalbar. Hannuna ya daina rawa.

Na gode wa Yesu. Abin da nake ɓoyewa, shi ya sa na faɗa da bakina, kuma da shi ya ba ni abinci. Ku dogara gare shi, ku daina ƙarya, ku shirya abin da kuka iya da gaske.

Kai kuma da kake zaune yanzu da ƙwaya a aljihu, na san idonka, ba sai na nuna ka ba. Masai yana bayan coci. Tashi ka je ka zubar, za mu jira ka kafin mu yi waƙa.

Amin.