Kafaɗun da Za Su Kai Don Belarmino Gaban Ƙanƙara

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar dattawan Tenquil, Don Rosamel Chiguay. Mai daraja Fada Evaristo, wanda ya tsallako teku cikin wannan ruwan sama domin ya zauna da mu. Wakiliyar ƙaramar hukuma da 'yan rakiyarta. Masunta da manoman dankali, masaƙan ulu da masassaƙan kwalekwale. 'Ya'yanmu da jikokinmu da suka yi cirko-cirko a bayan zaure saboda kujeru sun ƙare. Maƙwabtana maza da mata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku baki ɗaya.

Ga baƙinmu da ba su san ni ba, sunana Orfelina Mansilla. Mutanen Tenquil kuwa sun san ni har sun gaji.

Ina godiya ga hukuma da ta ɗauki nauyin wannan tafiya, ta tuna cewa tsofaffi ma suna da ido da zuciya. Ina godiya ga ƙungiya da ta amince da ni ta aike ni. Ina kuma godiya ga matan da suke kan ramin curanto tun safe, abincin nan namu na kayan teku da nama da dankali da ake dafawa a kan duwatsu masu zafi, ga ƙamshinsa nan yana shigo mana ta taga. Saboda su zan yi ƙoƙari in taƙaita, ko da yake mijina ya koma ga Mahaliccinsa bai ga ranar da na taƙaita magana ba.

Jama'a, abin da ya tara mu sananne ne. A watan Janairu, in Allah ya kai mu, dattawan wannan ƙungiya za su yi kudu su ga dutsen ƙanƙara na San Rafael. An ba mu zaɓi tsakanin jiragen ruwa biyu, babba da ƙarami, kuma yau za mu ɗaga hannu. Kun tura ni tashar jiragen ruwa ta Puerto Montt in shiga kowanne in gani da idona. Na je, na gani, ga abin da na dawo da shi.

Na farko, babban jirgi. Ba zan rage masa komai ba, domin wanda ya ƙera shi ya san aikinsa, kuma ya cancanci yabo. Da na tsaya a gindinsa na ɗaga kai, sai da gyalena ya zame. Cocinmu da hasumiyarta za su shige cikinsa a rasa inda suka yi. Akwai likita a ciki dare da rana, akwai na'urar da ke hawa da mutum bene yana tsaye bai ɗaga ƙafa ba, akwai hanyoyi masu faɗi da keken guragu zai bi ba tare da ya gogi bango ba. Igiyar ruwan mashigin tekun Corcovado, wadda ta sa mazajenmu da yawa suka tuba suka yi alkawarin kunna kyandir a coci, an ce da ƙyar take girgiza shayi a kofi. Daga samansa mutum zai ga ƙanƙarar gaba ɗayanta, tun daga inda ta sauko tsakanin duwatsu har inda ta tsoma ƙafa a ruwa. Sai dai daga nesa zai gan ta, domin jirgi mai wannan girma ba ya kutsawa cikin gutsattsarin ƙanƙara. Na tambayi wani jami'insu, yaro mai ladabi, ko suna kashe inji idan sun isa. Ya yi murmushi ya ce, "Doña, in muka kashe, wuta ta ɗauke, kicin ya tsaya, masu hawa bene su maƙale a tsakiya. Gari guda ne muke tuƙawa." Gaskiya ya faɗa, kuma na gode masa.

Na biyu, ƙaramin jirgi. Wannan kam ba shi da abin da zai sa gyale ya zame. Ɗakunansa matsattsu ne, teburin cin abincinsa guda ne, kuma in teku ta tashi, kowa zai san abin da ya karya kumallo da shi. Katako ake shimfiɗawa a shiga, matakalarsa kuwa a tsaye take, siririya, mutum ɗaya take ɗauka. Kyaftin ɗinsa mace ce, 'yar garin Quellón, mai hannuwa irin na masunta. Na yi mata tambayar da na yi wa wancan. Ta ce, "Doña Orfelina, ai don wannan nake zuwa. Ina lallaɓawa tsakanin gutsattsarin har in kai iyakar da aka yarda a kai, sannan in kashe inji, in kashe lasifika, in ce kowa ya rufe bakinsa. Mai dafa mana abinci ma ajiye cokali yake yi." Na ce da ita, to sai me? Ta ce, "Sai ƙanƙara ta yi magana. Ƙananan da ke yawo a ruwa suna ƙas-ƙas kamar kitse a kasko. Babbar tana nishi daga can ciki. In ta ga dama ta saki wani ɓangare, ki ji shi a ƙirjinki kafin ki ji a kunne."

Da a ce jirage ne kawai a gabanmu, da nan zan tsaya, kowa ya zaɓi abin da gwiwarsa da cikinsa za su iya. Amma akwai na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni tun da na dawo. Akwai mutum biyu a wannan zaure, ga su nan a layin gaba, waɗanda kowane jirgi ya yi wa ɗayansu daidai ya bar ɗayan.

Kun san Doña Eduvina Cárcamo. Babu gida a Tenquil da ba a lulluɓa da bargon da ta saƙa ba, kuma kun san idanunta sun tafi tun shekarun baya. Mijinta, marigayi Artemio, ya yi saran katako a tsibiran kudu yana saurayi, ya kwana gaban wannan ƙanƙara cikin kwalekwale. Duk tsawon zamansu yana ba ta labarin yadda take magana, yana cewa zai kai ta ta ji. Dankali ya hana, yara suka hana, rashin lafiya ta zo, aka kai shi makwanci alkawari na nan. A babban jirgi za a zaunar da Eduvina gaban gilashi mai kyau, inji yana gurnani ƙarƙashin ƙafarta, mutane suna ce mata, kai, da kin gani!

Kun kuma san Don Belarmino Oyarzún, abokin Artemio na wancan kwalekwale, uban baftismar ɗansu, shi ya sa Eduvina take ce masa compadre, shi kuma yana ce mata comadre. Ku yara na baya, a keke kuka san shi. Mu mun san shi a tsaye. Mun san shi a kan gaba ranar gayyar jan gida, bijimai a jere, igiyoyi a miƙe, gari ya yi tsit yana jiran muryarsa. In ya daka tsawa, gida sukutum da tagoginsa da murhunsa sai ya motsa, ya gangara bakin ruwa, ya yi iyo ya tsallaka. Shekarar da teku ta cinye gaɓar da Eduvina da Artemio suke zaune, shi ya ja gidansu ya kawo shi inda yake a yau, ko kofi bai fashe ba. Wannan mutum babban jirgi zai karɓe shi da kekensa kamar sarki. Ƙaramin kuwa, ko katakon shiga ba zai tsallake ba.

To ku ji abin da suka yi, domin shi na zo in yaba. Da na kai wa Eduvina bayani, sai ta ce, "Orfelina, a zaɓi babba. Compadre ya fi shekara bai fita daga garin nan ba. Ni a zaunar da ni ko'ina, duhun ai ɗaya ne." Na fito na nufi gidan Belarmino. Ban gama rufe baki ba ya ce, "A cire sunana, a zaɓi ƙarami. Ni na riga na ji muryar ƙanƙarar. Comadre ce ba ta ji ba." Na ce ai ana iya ɗaukarsa a shigar da shi. Kallon da ya yi mini, da bijimi ya yi wa, da ya durƙusa.

Na koma na gaya wa Eduvina. Ta lalubo mayafinta na zuwa coci, ta ce in riƙe mata hannu. Muka isa, Belarmino ya ce ta zauna, ta ƙi. Kun san al'adarmu a Tenquil, mai roƙon gayya ba ya zama sai an amsa masa.

Ta ce, "Compadre, roƙon gayya na zo."

Ya ce, "Gayyar me kuma, comadre? An tone miki dankali. Gidanki ni na ajiye shi, kuma na san bai motsa ba."

"Kaya ne da ni da za a kai kudu. Ga nauyi, ga taurin kai, ga faɗan tsiya."

"Wane irin kaya ne wannan?"

"Kai ne."

Ya buga hannun kekensa ya ce, "Ni buhun dankali ne? Ni da na ɗaga gidaje, a sungume ni kamar jinjiri baƙi suna kallo? Haba, comadre, bar ni da ɗan mutuncin da ya rage mini."

Ta ce, "Mutunci? Ranar da ka ja gidana, da gadona da tukwanena da tsummokarana a ciki, gari kaf yana leƙe, ina kuka don kunya, me ka ce mini? Ka ce, comadre, share hawayenki, wata rana ke ma za ki ɗauki wani. To ranar ce ta zo, sai dai in ƙarya ka yi mini."

Ya ce, "Ke da ko hanyar ɗakinki sai an nuna miki?"

Ta ce, "Kai da ko ƙofar ɗakinka sai an tura ka? Ji nan, tsoho. In ƙanƙarar ta fashe, wa zai gaya mini abin da ya faɗo? Yaran nan ihu kawai za su yi. Kai ka zauna a wurin tare da Artemio. Kai za ka ce mini ga inda kuka ɗaure kwalekwale, ga inda ya ji tsoro, domin na san ya ji, bai dai taɓa faɗa mini ba. In babu kai, ƙara kawai zan ji."

Belarmino ya kalli murhu. Sannan ya ce, "Tun da nake, ban taɓa ƙin gayya ba. Zauna, comadre, ƙafarki ta gaji. Amma da sharaɗi. Ni zan ba da umarni, babu mai ɗaga ni sai na ce a ɗaga. Kuma sau ɗaya za a roƙi mutane. In ba a sami kafaɗu ba, a bar ni a gida, kada wanda ya sake tayar da maganar."

Wannan roƙo guda ɗaya shi Eduvina ta ɗora mini, shi kuma na tsaya yi a gabanku. Ba zan ɓoye muku nauyinsa ba. Ba ɗauka ɗaya ba ce. Za a ɗauke shi a shiga, a ɗauke shi a hau, a ɗauke shi a sauka, safe da yamma, jirgi yana tangaɗi, shi kuma yana zagin wanda ya karkace. Kyaftin ta ce akwai gurbin 'yan rakiya, amma Janairu lokacin aiki ne, wanda ya tafi ya bar kominsa da gonarsa. Kuma duk dattijon da zuciyarsa ko cikinsa ba za su ɗauki ƙaramin jirgi ba, ya ɗaga hannu ga babba, babu mai ganin laifinsa, ni ce ta farko da zan kare shi.

Amma ku tuna ko mu su wane ne. Mu ne mutanen da in teku ta zo cin gidan maƙwabci, ba ma ce masa Allah ya kyauta mu wuce, ɗaukar gidan muke yi. Mu ne mutanen da ba a taɓa tone dankalin gwauruwa da hannu ɗaya ba. Da yawanku a ƙarƙashin rufin da wannan dattijo ya ja aka haife ku. Ina alfahari da jiragen nan biyu da waɗanda suka ƙera su, amma wallahi na fi alfahari da tsofaffin nan biyu, da kowannensu ya ajiye burinsa domin ɗan'uwansa.

Na so in ce mai ba da kafaɗa ya miƙe, sai na tuna ku na baya tsaye kuke tun ɗazu. Saboda haka, wanda ya amsa gayyar Doña Eduvina, ya tako gaba.

A hankali, kada ku ture Fada. Don Rosamel, zauna don Allah, kai ma ɗaukarka za a yi in ka matsa.

Doña Eduvina, ba sai na gaya miki komai ba. Kin ji yadda katakon zauren nan yake amsawa, kin ji takalman. Ba su gama zuwa ba. Don Belarmino, babu wanda ya ce kuka kake yi, mun san hayaƙin curanto ne. Ga bijimanka nan sun jeru, sai ka fara gyara murya.

Mai girma shugaba, na gama nawa, saura ɗaga hannu. Ubangiji ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka kira shi. Ya kwantar mana da teku, ya buɗe mana sama ranar da muka isa. Ya ƙarfafa kafaɗun da suka amsa, ya tsare gonakin da za su bari. Ya jiƙan Artemio da dukan mazajenmu da suka yi kudu. Ya sa ƙanƙarar ta yi magana, Eduvina tana ji, Belarmino yana gefenta yana ba ta labari. Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.