Akori-kurar Baban Rekiya

A tashar Jikwoyi, wani dattijo yana ba na kusa da shi labarin tsohuwar akori-kurarsa.

"Kowa cewa yake in sayar wa 'yan gwangwan. Ashe gaskit ɗin manifol ne ya cinye, inji yana zuƙar iska ta gefe. Muka kwance, muka sa sabo. Yanzu ko an bar ta a silo, tana tsaye a kunne, ba ta mutuwa!"

"To Baba, ina motar, kake jiran bas?"

"'Yata Rekiya ta tafi da ita ɗaukar kaya a Idu."

"Ka sha wahalar gyara, ka ba mace?"

"Wa ya ce ni na gyara? Da kunne ta gano wurin. Ni sufana kawai nake miƙa mata."

"Ai 'muka' na ji ka ce."

"To, wa ya haife ta?"