Na fita daga gurup ɗin dangi, kawu ya biyo ni kasuwa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Hadiza, ina sayar da atamfa a kasuwar Gaya.

Muna da gurup na dangi a waya. Kullum saƙon murya ne, wannan ya ce barka da asuba, goma su ce amin, har wayata ta cika, hotunan atamfar da ake turo mini daga Malanville suka daina buɗewa. Ranar Talata na gaji, na danna na fita. Ashe saƙon ƙarshe, wanda ban saurara ba, na Kawu Idi ne daga Bengou, yana sanar da cewa 'yarsa ta haihu. A ƙarƙashinsa kuma waya ta rubuta wa kowa cewa Hadiza ta fita.

Washegari sai ga kawu da gwaggona a rumfata, sun hawo kabu-kabu tun daga Bengou. Kawu ya ce, "Hadiza, haka ake tashi daga cikin mutane, babu ko sallama? Me jaririyar ta yi miki?" Na ce wallahi wayata ce ta cika. Gwaggo ta ce, "Wato mu ne sharar da ta cika ta." A gaban masu ciniki na durƙusa ina ba da haƙuri.

An mayar da ni cikin gurup ɗin. Kawu kuma ya sa an buɗe wani gurup na shirin suna, ya ɗora ni a kai, wai don in san darajar zumunci.

Don Allah masu sauraro ku ba ni shawara, yaya ake fita ba tare da an ce ka yanke zumunci ba? Ina gaida 'yan layin atamfa. Dangina kuwa ba sai na gaishe su ba, tun da na fara wasiƙar nan suke ta gaishe ni a gurup.